Kilo Takwas da Rabi

Ranar da Madam Geneviève ta bugo waya daga ƙauye, Nafisatu Sulaimanu tana zaune a ofis tana ɓare gyaɗa, tana jiran a dawo da wuta. Tun hantsi ake sheƙa ruwan Agusta, titi ya zama taɓo, masu mashin sun fake a rumfar mai gyaran taya.

Ofishin nasu ɗaki biyu ne a saman shagon tayar, a tsakiyar Garoua. Su huɗu ne. Shugabansu Thierry, mutumin kudu ne da ya yi shekara goma a arewa har Fulatanci ya zauna masa a baki. Aikinsu ɗaya tal: wata manhaja da suka rubuta wa ma'aikatan lafiya na karkara. Ma'aikaci zai ɗora yaro a sikeli, ya shigar da nauyinsa a waya, ita kuma ta faɗa masa yawan maganin da zai ba shi. Wayoyi sama da ɗari biyu ke ɗauke da ita, daga ƙauyukan bayan Ngong har wajen Maroua. Ɓangaren lissafin maganin kuwa Nafisatu ce ta rubuta shi da hannunta.

Geneviève babbar nas ce a wani ƙaramin asibiti da ke bayan Ngong, ta kusa ritaya, kuma ba ta saba kira sai da dalili. Ranar ko gaisuwa ba ta tsaya ta ƙarasa ba.

"Nafi, wayarku ta gwaji tana kusa? Buɗe ki rubuta mini takwas, waƙafi, biyar."

Nafisatu ta share hannu a gefen zani, ta rubuta 8,5, ta taɓa allon. Amsa ta fito: ƙwaya huɗu, safe da yamma. Ta sake dubawa. A can sama, da ƙananan baƙaƙe, manhajar ta nuna nauyin da ta fahimta: kilo tamanin da biyar.

"Kin gani?" in ji Geneviève.

"Na gani, Madam."

"Ƙwaya ɗaya ya kamata. Ni na lura tun makon jiya, na ɗauka wayata ce ta lalace, na koma lissafi da hannu. Amma Marcel bai lura ba. Ko kuma ya lura, ya yarda da waya fiye da idonsa."

Marcel ma'aikacin sa kai ne a wani ƙauye mai nisan kilomita tara daga asibitin, horon mako uku kawai aka ba shi. An kawo masa wata yarinya mai wata goma sha ɗaya, sunanta Hidaya, da zazzaɓin cizon sauro. Ya auna ta, ya rubuta abin da sikeli ya nuna, 8,5, ya ba ta abin da waya ta ce, har sau uku. Da jikin ya rikice aka kawo ta wurin Geneviève, ita kuma ta sa aka nemo mota zuwa Garoua. Ba su kai gadar Binuwai ba yarinyar ta cika.

Nafisatu ta san inda abin ya fito tun kafin nas ɗin ta gama magana. Kwana takwas da suka wuce ne, wata Alhamis. Ma'aikata sun daɗe suna kuka cewa manhajar ba ta karɓar waƙafi, alhali duk wanda ya yi makarantar Faransanci da waƙafi yake raba kilo da ɗoriyarsa, ba da ɗigo ba. Sai ta yi gyara na layi biyu: ta umarci manhajar ta share duk alamar da ba ta sani ba, ta ci gaba. Ta gwada goma, ta gwada ashirin, lafiya lau. Ta gwada 8,5 ma, ta ga an karɓa ba a ƙi ba, sai Thierry ya kira ta daga ɗayan ɗakin, ta tashi ba ta duba amsar da ta fito a ƙasa ba. Da yamma ta ba tsohuwar kwamfutar da ke lungun ofis umarni ta harhaɗa sabuwar siga, ta aika wa wayoyi. Haka suke yi kullum. Kwamfutar nan ba ta tambayar komai. Abin da aka ba ta shi take harhaɗawa.

Cikin awa ɗaya sun gyara kuskuren, sun tura saƙo ga duk ma'aikatan. Suka bi bayanan da wayoyi suka aiko: yara goma sha ɗaya aka rubuta wa nauyi da waƙafi a kwanakin nan. Goma a hannun tsofaffin nas suka faɗa, aka ƙi bin waya. Ta goma sha ɗayan ita ce Hidaya.

Thierry ya zauna a bakin teburinta, ya cire tabarau yana murza ido. "Na yi magana da likitan da ya duba ta," ya ce da Faransanci. "Ya ce zazzaɓin ya riga ya yi tsanani. Ba zai iya cewa maganin ne ba, ba zai iya cewa ba shi ba ne. Kada ki ɗauki abin da ba a tabbatar naki ba ne."

"Waƙafin an tabbatar nawa ne, Patron."

Bai yi musu ba. A ranar ya rubuta rahoto zuwa hukumar lafiya, bai ɓoye komai ba, kuma bai sa sunanta ba. Ya sa sunan kamfani.

Gidansu Nafisatu a unguwar Poumpoumré yake, babban gida mai zaure biyu. Kakan mahaifinta ne ya zo daga Kano da fataucin tufafi ya zauna, har yau kuma mahaifin nata, Alhaji Sulaimanu, yana da rumfar atamfa da shadda a babbar kasuwa. A waje Fulatanci da Faransanci suke yi kamar kowa, amma da an shigo zaure sai Hausa. Ta same shi bayan la'asar a kan buzunsa, ta durƙusa daga gefe, ta faɗa masa komai. Bai san mene ne manhaja ba sosai, amma ya gane waƙafi, ya gane ƙwaya huɗu a maimakon ɗaya. Ya yi salati a hankali.

"Baba, zan ajiye aikin," ta ce. "Ba zan iya sake taɓa shi ba."

Ya sunkuyar da kai yana jan carbinsa. "In kin ajiye, wa za su ɗauka?"

"Akwai masu nema da yawa."

"Shi wanda zai zo, ya san yadda aka yi yarinyar nan ta mutu? A takarda zai karanta. Ke kuwa a jikinki kika sani." Ya ɗago kai. "Kin je kin ga uwar?"

"A'a, Baba."

"To ki fara da wannan. Maganar ajiye aiki ki bar ta sai kin dawo."

Ranar Asabar ta hau motar haya zuwa Ngong, daga nan Geneviève ta ɗauke ta a bayan mashin ɗinta. Hanyar ta ratsa gonakin auduga da masara, ruwa ya cinye ta wuri-wuri, sau biyu sai da suka sauka suka tura. Uwar yarinyar, Mairamu, tana zaune a inuwar zana tana tsince wake a faifai. Ba ta wuce shekarun Nafisatu ba. Suka yi gaisuwa da Fulatanci, suka yi ta'aziyya. Sannan Nafisatu ta faɗi abin da ya kawo ta, ba ta rage komai ba.

Mairamu ta ajiye faifan. "Ke kika ba ta maganin?"

"A'a. Ni na rubuta abin da ya gaya wa Marcel yawan da zai ba ta."

"Kin taɓa ganinta?"

"Ban taɓa ba."

"Ta fara tsayawa," in ji Mairamu. "Tana kama turmi ta miƙe, in ta saki ta faɗi sai ta yi dariya. Haƙoranta huɗu." Ta ɗauki ƙwayar wake tana juya ta a yatsa. "Kwananta ne ya ƙare, na san wannan. Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Zuciyata ba ta kai nan ba tukuna." Sai ta nuna wani gida da haɓa, can bayan rumbuna. "Amma Marcel, mutane sun daina gaishe shi. Yara suna jifar ƙofarsa. Shekara uku yana tashi ko da wane lokaci aka buga masa. In abin da kika faɗa gaskiya ne, ba ni za ki faɗa wa ni kaɗai ba."

Haka aka yi Nafisatu ta tsaya a ƙofar gidan jauro, wato mai garin, gaban maza fiye da ashirin, ta sake maimaita maganar. Wasu ba su gane yadda mace a Garoua za ta sa hannun wani ya yi kuskure a ƙauyensu ba. Geneviève ta fito da wayarta ta nuna musu. Wani dattijo ya tambaya, shin yanzu wayar ta daina ƙarya? Nafisatu ta buɗe baki za ta ce e, sai ta ji ba za ta iya ba. Ta gyara wannan kuskuren, amma ba ta da wata hujja cewa babu wani a kwance, ko kuma gobe ba za ta sake shigar da sabo ba. Ta ce masa, "Wannan ta daina, Baba. Sauran ban sani ba tukuna." Marcel yana tsaye daga baya, ya harɗe hannu.

Kafin ta tafi, Geneviève ta shigar da ita ɗakin magani, ta ciro wani tsohon kwali daga bango, jadawalin awon magani da aka lulluɓe da leda, gefensa duk ya cinye. Ta haɗa mata da littafin da ma'aikatan ƙauye suke rubuta nauyin yara.

"Duba yadda mutanenmu suke rubutu," ta ce. "Ku a ofis kuna rubuta goma da ashirin. Ba yaron da yake zuwa da kilo goma cif."

Nafisatu ta buɗe. Wani ya rubuta 8,5. Wani 8.5. Wani ya bar fili tsakanin takwas da biyar. Wani 08,50. Marcel shi 8k500 yake rubutawa a littafi, a waya ne yake sa waƙafi.

Ba ta ajiye aikin ba. Ranar Litinin ta ce wa Thierry tana son mako uku, ba za ta ƙara wa manhajar komai ba, gwaje-gwaje za ta rubuta.

Kowane gwaji ƙaramar tambaya ce wadda an riga an san amsarta. Yaro mai kilo kaza, da ciwo kaza: me za ki ba shi? Amsar daga kwalin Geneviève take ɗauko ta, layi bayan layi. In manhajar ta faɗi daidai, gwajin ya wuce. In ta kauce ko da rabin ƙwaya ne, ya faɗi. Ta rubuta wa kowane salon rubutu da ta gani a littafin nasa gwajin. Ta rubuta wa abin da ba zai yiwu ba: jariri mai wata goma sha ɗaya ba ya kai kilo tamanin, don haka dole manhajar ta ƙi, ta ce a sake awo. Da ta zo kan gwajin 8,5 ta daɗe tana tunanin ta sa masa sunan yarinyar. Daga baya ta ga ba ta da wannan ikon. Ta rubuta masa kilo takwas da rabi, ta wuce.

Tun ba ta gama ba gwaje-gwajen suka tono kurakurai biyu da suka fi shekara a kwance ba wanda ya sani. Ɗaya a maganin ruwa na jarirai, ɗaya a lissafin watanni. Ba su kai na farko muni ba, amma ranar da ta gan su sai da ta fita baranda ta tsaya.

Rubuta gwajin bai ishe ta ba, don ta san halin mutum in aiki ya matse shi. Ta san halin kanta. Sai ta shiga tsarin da ke harhaɗa manhajar a tsohuwar kwamfutar lungu ta sauya jerin aikinsa. Daga yanzu, duk wanda ya ba da umarnin harhaɗawa, kwamfutar za ta fara yi wa manhajar tambayoyin nan duka da kanta, su ɗari biyu da goma sha huɗu. In duk sun wuce, allo ya yi kore, siga ta fito. In ɗaya ya faɗi, allo ya yi ja, aiki ya tsaya, ba abin da zai fito balle a aika. A da minti biyu ake harhaɗawa, yanzu ya koma goma sha ɗaya, in an ɗauke wuta a tsakiya kuma sai a faro daga farko. Abokan aikinta sun yi gunaguni. Thierry ya ce su yi haƙuri.

Shi ne kuma haƙurin ya fara ƙare wa. A watan Oktoba aka sanar da su cewa manyan baƙi za su zo daga Yaoundé ranar Litinin, suna son ganin sabon ɓangaren da aka yi musu alkawari, na yara masu tamowa. Thierry da kansa ya rubuta shi, kwana goma yana kai. Ranar Juma'a, Nafisatu ta dawo daga gida bayan an sauko daga masallaci, ta tarar da shi tsaye gaban kwamfutar lungu. Allon ja wur.

"Sau uku ke nan," ya ce. "Ɗari biyu da goma sha uku sun wuce. Ɗaya ne ya tsaya mini, kuma ba ruwansa da abin da na rubuta. Ban taɓa maganin zazzaɓi ba. Gwajin naki ne ke da matsala."

"Wanne ne?"

"Na kilo goma sha biyar." Ya juyo ya dube ta. "Nafi, kashe shi na yau kawai. In ba a aika yau ba, wayoyin ƙauye ba za su samu kafin Litinin ba. Ranar Talata mu zauna mu duba."

"Ba a kashe shi, Patron. Ban bar wannan ƙofar ba."

"Ke kika rufe ta, ke za ki iya buɗewa."

"Zan iya."

"To?"

"Ba zan buɗe ba."

Sauran biyun suka duƙar da kai kan aikinsu. Shekara huɗu tana aiki da mutumin nan, bai taɓa ɗaga mata murya ba, ita ma ba ta taɓa ce masa a'a ba. Ta ce, a hankali, "In gwajin ne ba daidai ba, minti goma ya isa mu gani. Ku zauna mu duba tare."

Ya ja kujera da ƙarfi ya zauna. Ta ɗauko kwalin Geneviève ta ajiye a tsakaninsu. Jadawalin ya ce yaro mai kilo goma sha biyar cif, ƙwaya biyu. Suka ɗora sabon rubutun kai tsaye a wayar gwaji, ba ta hanyar kwamfutar ba. Ta rubuta 14,9: ƙwaya ɗaya, daidai. Ta rubuta 15,1: biyu, daidai. Ta rubuta talatin, aka ba ta uku. Sannan ta rubuta goma sha biyar. Allon bai motsa ba. Uku ɗin nan ta yaron da ya gabata tana nan zaune, kamar ita ce amsa.

Thierry ya karɓi wayar ya gwada da kansa, sau biyu. Sai ya koma cikin rubutunsa yana bi da yatsa. Ashe a wajen shirya rukunin yara masu tamowa ya taɓa iyakokin nauyin da duk magungunan suke amfani da su. Rukuni ɗaya ya tsaya ƙasa da goma sha biyar, na gaba ya fara sama da goma sha biyar, shi kuwa yaron da ya faɗo daidai kan iyakar ba shi da wuri, sai a bar masa abin da aka ba wanda ya riga shi.

Ya ajiye wayar. Ya juya yana kallon taga.

"Sikelin ƙauye da yawa ba sa nuna ɗoriya," ya ce daga ƙarshe, kamar da kansa yake magana. "Goma sha biyar cif za su riƙa rubutawa. Kullum."

Gyaran alama ɗaya ne, amma da ya gyara sai wasu gwaje-gwaje biyu suka faɗi, don sabon ɓangaren ya jingina da kuskuren. Ya duba agogo, ya ɗauki waya ya kira Yaoundé, ya ce musu abin da za su gani ranar Litinin tsohuwar siga ce, sabuwar sai Laraba. Nafisatu tana jin muryar wancan ɓangaren tana tashi. Thierry ya saurara har aka gama, ya ce ya ji, amma sai Laraba. Da ya kashe ya jawo kujerarsa kusa da tata.

"Ɓangaren tamowar ba shi da gwaji ko ɗaya," ya ce. "Nuna mini yadda ake rubutawa."

Baƙin sun zo, sun tafi ba da fara'a sosai ba. Sigar ta fita ranar Alhamis, ba Laraba ba.

Marcel bai sake karɓar wayar aikin ba. Mutanen ƙauyen sun dawo gaishe shi, jauro da kansa ya je har gida ya roƙe shi, ya ce shi dai ya koma gonar audugarsa. Sai aka zaɓi wata matar aure mai suna Fauziya a madadinsa. Da aka tara sababbin ma'aikata a Ngong bayan kaka, Nafisatu ta nemi a ba ta rabin awa a cikin horon. A tsohuwar takardar horon akwai layin da ke cewa kada ma'aikaci ya yi lissafi da ka, ya bi abin da waya ta faɗa. Ta sa aka cire shi. Ta raba wa kowa kwafin kwalin Geneviève, ta gaya musu yawan tambayoyin da ake yi wa manhajar kafin ta iso hannunsu, ta kuma gaya musu cewa akwai tambayoyin da ba ta yi tunaninsu ba tukuna.

Fauziya ta ɗaga hannu daga bencin baya, da goyo a bayanta. "To in waya ta faɗi abu, kwali ya faɗi wani, wanne za mu bi?"

"Kada ki ba da komai," in ji Nafisatu. "Ki kira Madam Geneviève. In kin gama da ita, ki kira ni."

Ta juya ta rubuta lambarta a allo da alli, manya-manya, ta tsaya har sai da kowa ya kwafa.